Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Hukumar Kayan Tarihi ta Sudan Kan Allunan Kaburburan Nubiya

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan Hukumar Kula da Kayan Tarihi da Gidajen Adana Su ta Sudan.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa, da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku, a duk inda yaƙin nan ya jefa ku. Kafin komai muna yi muku jaje. Mun san a cikinku akwai waɗanda suka ƙarar da ƙuruciyarsu suna tattalin kayan da ke Gidan Tarihi na Ƙasa a Mugran, kuma mun ji abin da idonsu ya gane musu da suka sake shiga cikinsa bayan sojoji sun karɓe Kartum a watan Maris na 2025. Allah ya mayar da alheri.

Ni malamin tarihi ne a makarantar sakandare, Bahaushe haifaffen Sudan, jikan mutanen da suka taso daga yamma da niyyar aikin hajji, suka yada zango a bakin Shuɗin Nilu, zangon ya zama gida. Ina magana da yawun wasu abokan aikina malamai masu jin Hausa, na Sinnar da Mai Wurno da Gadarif da Kasala, har da waɗanda gudun hijira ya watsa ƙasashen maƙwabta. Na rubuta da Hausa ne don mutanenmu su ji, saboda da yawansu direbobi ne da fatake da 'yan ci-rani a ramukan zinare, wato su ne a kan hanyoyin da kayan sata ke bi. Ta Larabci za ta iso ofishinku.

Tun da labarin wawashe gidan tarihin ya fito fili a watan Satumba na 2024, har UNESCO ta ja kunnen masu cinikin kayan tarihi da su guji abin da ya fito daga Sudan, maganar da ke bakin kowa ita ce zinaren sarakunan Kush da gumakansu. Ba mu ga laifin kowa ba, asara ce babba. Sai dai akwai wasu kaya da ba mu ji ana kuka a kansu da irin wannan murya ba, kuma su suka sa muka ɗauki alƙalami: allunan kaburburan Kiristocin Nubiya, wato yankin bakin Nilu na arewacin Sudan da kudancin Masar, waɗanda aka rubuta da Girkanci, wasu kuma da Kibɗanci, harshen Kiristocin Masar na da.

Ku kun san su sarai, amma ku yi mini uzuri in ɗan bayyana su saboda sauran masu karatu. Tsakanin wajen 543 da 580 masarautu uku na bakin Nilu suka karɓi addinin Kirista: Nobadiya mai hedikwata a Faras, Makuriya mai hedikwata a Tsohuwar Dungula, da Alwa mai hedikwata a Soba, nan kusa da Kartum. Sun shafe ɗaruruwan shekaru a kansa. Idan mutum ya rasu, waɗanda ke da hali sukan sa a sassaƙa masa allo, a manna a jikin ginin kabarinsa, galibi ta wajen yamma. Wani na dutsen yashi ne, wani na yumɓu da aka zana wa haruffa tun yana ɗanye sannan aka gasa, na manya kuma na farin dutsen mabul. A sama gicciye, a ƙasa sunan mamaci, da muƙaminsa in yana da shi, da ranar da ya rasu, wani lokaci da shekarunsa a duniya, sai addu'a. Yawancinsu mutum ɗaya zai iya rungumarsu ya yi tafiyarsa.

Wannan ƙanƙantar ita ce abu na farko da ke ci mana tuwo a ƙwarya. Ɓarawo bai iya ɗaukar haikalin Buhen da ke harabar gidan tarihi ba, amma allon kabari buhu ɗaya ya ishe shi. Yaƙin kuma ya tarar da gidan ana cikin gyara, kaya da yawa suna ƙunshe. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Tsoronmu shi ne in an zo lissafin asara da bin sawun kaya, a sa waɗannan a ƙarshen takarda don ba sa ƙyalli, alhali a kansu aka ɗora shekarun tarihin wancan zamani.

Bari in nuna abin da nake nufi. Marubutan Nubiya suna ƙirga shekara daga 284, shekarar da sarkin Rum Diyokletiyan ya hau mulki, suna kiran lissafin shekarun shahidai. Wanda ya ga 829 a allo, ya ƙara 284, ya faɗo 1113. Watannin na Kibɗawa ne, irin su Tut da Kiyahk da Abib. Akwai allunan da suka haɗa har da shekarar Hijira. Da masu tonon tarihi na ƙasar Polan ƙarƙashin Kazimierz Michałowski suka tono babban cocin Faras daga 1961 zuwa 1964, sun samu jerin sunayen bishop-bishop na garin a rubuce a jikin bango. Jerin ya faɗi wanda ya gaji wane, amma allunan kaburburansu ne suka kafa shekarun. Da su aka san Bishop Petros ya rasu a 999, Bishop Mariyanos kuma a 1036, shi da aka tsinci allonsa a kufan Kasar Ibrim da ke kudancin Masar. Da aka san shekarun bishop, sai aka san shekarun zanen da ke ɗauke da hotonsa, daga nan aka jera sauran zane-zanen bangon da duniya ke yabo, waɗanda 67 daga cikinsu ke Warso, babban birnin Polan, saura aka kai Kartum. A Tsohuwar Dungula allon babban bishop Jojiyos ya ce ya rasu a 1113 yana da shekara 82, bayan shekara 50 a kan kujera, kuma da shi aka gane mai wani ɗakin kabari da aka cika bangonsa da rubutun Girkanci da Kibɗanci tun daga sama har ƙasa. A Hambukol allo ɗaya ya adana mana sunan wani babban jami'in Makuriya, Mariyankuda, da ya rasu a 887. A Soba, allon mabul ne ya ba mu sunan Sarki Dauda na Alwa. Masarautar da marubutan Larabawa suka yabi coci-cocinta da lambunanta, abin da ta bari da hannunta a rubuce kaɗan ne ƙwarai, wannan allon yana cikin mafi daraja. Idan irin waɗannan suka salwanta, ba a da inda za a koma a duba in gardama ta tashi kan wani harafi ko wata shekara, kuma irin wannan gardama takan tashi, don masana sun sha sake karanta allo ɗaya su gyara abin da na baya suka gani.

Kuka na biyu shi ne ilimin allunan yana can nesa da mutanen da ke iya tare su a hanya. A 2003 an buga kundi biyu a ƙasar Beljiyam, ɗaya na Adam Łajtar kan rubuce-rubucen Girkanci da ke gidan tarihin Kartum, ɗaya na Jacques van der Vliet kan na Kibɗanci, da hotuna da lambobi da awo. Masana a Jami'ar Warso kuma sun tara rubuce-rubucen Nubiya na wancan zamani a rumbun intanet. Aiki ne da ya cancanci godiya, kuma yau shi ne shaidar mallaka mafi ƙarfi da ƙasar nan ke da ita. To amma da Turanci yake, don masana aka yi shi. Jami'in kwastan da ke Argin ko Gallabat, da ɗan sandan da ke bakin tashar jiragen ruwa ta Bur Sudan, da mai unguwa, da direba, ba su ne masu buɗe irin waɗannan littattafai ba.

Ƙanena direban babbar mota ne. Ya ba ni labarin wani mutum da ya same shi a tasha da buhun gero, a ciki an naɗe wani faifan dutse da tsohon bargo, ya ce a kai masa bakin iyaka, zai biya kuɗin kujerar mutum biyu. Da ya ɗaga bargon ya ga gicciye da layukan rubutun da bai taɓa gani ba, sai ya ce motarsa ta cika. Bai ƙi don ya san darajar abin ba, ya ƙi ne don ya ɗauka kayan asiri ne, yana tsoron kada ya jawo masa haɗari a hanya. Mutumin ya saɓi buhunsa ya nufi motar gaba. Da ƙanena yana da hoton irin wannan allo a wayarsa, da lambar da zai kira, da labarin ya sha bamban.

Na uku, waɗanda ke cikin gidan tarihi ma su ne masu gata. Mafi yawan maƙabartun suna fili, kuma an daɗe ana cin su. Dam ɗin Aswan ya haɗiye Faras da ƙauyukan da ke kewaye da ita, aka kwashe mutanen Wadi Halfa wajen 50,000 zuwa Kashmul Girba a 1964. Dam ɗin Marawi da aka kammala a 2009 ya shafe yankin gangaren Nilu na huɗu da maƙabartunsa. Soba kuwa tun a ƙarni na 19 aka riƙa kwasar tubalinta ana gina Kartum, yanzu gidaje da gonaki sun hau kanta. Sai ga masu neman zinare da na'urar gano ƙarfe da motocin haƙa. Kowa ya ji abin da suka yi wa Jabal Maraga a 2020, inda suka farke wurin da rami mai zurfin mita 17. Can kufan zamanin Kush ne, amma mai haƙar zinare ba ya tambayar zamani. Gidan ruhubanawa na Gazali da ke Wadi Abu Dom, wanda ya ba da alluna masu yawa na Girkanci da Kibɗanci, yana cikin wannan hamada ta Bayuda da ake ta tona.

Kafin yaƙi na taɓa sauka gidan wani abokin karatuna a wani ƙauye na arewa. A ƙarƙashin randar ruwansu an kafa wani ɓallin gasasshen yumɓu yana tare ɗigo. Inda ruwan ya jiƙa, haruffa sun fito raɗau, layi huɗu ko biyar, gefe ɗaya ya gutsure. Mahaifinsa ya ce ambaliya ce ta zaftare gefen tsohuwar maƙabarta ta fito da shi, da wasu irinsa. Yara sun yi wasa da wasu, wasu kuma samari sun farfasa su, don ana cewa rubutun kwatancen inda aka binne dukiya ne. Na tambaye shi daidai inda aka tsince shi, ya ɗaga hannu ya ce can wajen. Dattijon bai yi mugunta ba, hasali ma shi ya tsirar da ɓallin. Amma allon da ya rabu da kabarinsa ya yi rabin asara, don ba a ƙara sanin ƙasusuwan wa yake magana a kai ba, ko kusa da wane coci aka binne shi, ko su wa ke kwance a gefensa.

Kuka na huɗu ya fi sauran nauyi, kuma ba ku kaɗai ya shafa ba, har da mu malamai. Mutane da yawa suna ganin waɗannan alluna kayan baƙi ne. Harshen na Girkawa, addinin ba na mafi yawanmu ba, masu karanta su Turawa. A azuzuwan da na koyar, ɗalibi zai kawo maka sunan Sarki Taharƙa na Kush da dalar Bajarawiya, ya yi tsalle ya dira kan daular Funj a 1504, kamar ba a haifi kowa ba a tsakani. Wanda bai san abu nasa ne ba, ba zai tsaya masa ba.

Alhali duk wanda ya duba rubutun da kyau zai ga hannun ɗan ƙasa. Girkancin allunan ba na Atina ba ne. Ana musanya wasula, ana rikita ƙarshen kalmomi, ana rubuta abu yadda kunne ya ji shi, kuma sunayen Nubiyawa na zaune daram a tsakiyar jimla. Wasu Turawan farko sun raina shi, suka ce gurɓataccen Girkanci ne. Ni kuwa abin da nake gani shi ne irin Larabcin almajirin da ya haddace addu'a a gaban malaminsa, ya rubuta ta a allo da harshen uwarsa a bakinsa. Mutanen nan sun riƙe Girkanci a coci da kan kabari har bayan da ya ja baya a Masar kanta, ga kuma nasu harshen da suka ƙirƙira wa rubutu. Jikokinsu na nan suna magana da Nobin da Andandi a Halfa da Mahas da Dungula, Musulmi ne, da su muke sahu ɗaya a masallaci.

Ga kuma abin da allunan ke cewa. Addu'ar da ta fi yawa a na manyan mutane tana farawa da kiran Allah na ruhohi da na dukkan mai tsoka, lafazin da ke cikin Littafin Ƙidaya na Attaura. Tana roƙon ya hutar da ran bawansa wane a ƙirjin Ibrahim da Ishaƙu da Yaƙubu, a wurin haske, wurin sanyi, inda ciwo da baƙin ciki da ajiyar zuciya suka ƙaura. Tana roƙon a yafe masa duk laifin da ya yi da baki ko da aiki ko da zuciya, domin babu ɗan Adam da zai rayu bai yi kuskure ba. Tana rufewa da ambaton Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, wanda ba aƙidarmu ba ce, kuma ba na ɓoye wannan ga ɗalibaina. Amma da na karanta musu fassarar, ba wanda ya ce mini wannan maganar baƙi ce. Wata yarinya cewa ta yi, ashe su ma gafara suke nema wa matattunsu. Har yau cocin Otodoks na karanta wannan addu'a a jana'iza.

Tarihin zaman tare ma yana cikin duwatsun. Bayan gwamnan Masar Abdullahi bin Sa'ad bin Abi Sarh ya kewaye Dungula a 652 bai ci ta ba, aka ƙulla yarjejeniyar Baƙt, wadda ta yi wajen ƙarni shida tana aiki. Ba zan wanke ta tas ba, ta ƙunshi bayar da bayi duk shekara. Amma a inuwarta Musulmi suka zauna a arewacin Nubiya, suka mutu, aka kafa musu nasu allunan da Larabci a zamani ɗaya da na maƙwabtansu Kiristoci. Ginin fadar Dungula da aka mayar masallaci a 1317 yana tsaye har yau. Mu Hausawan ƙasar nan muna da dalilinmu na jin wannan magana a jika. Kakanninmu da yawa sun kwanta a hanyar Makka, kaburburansu ba suna, sai tsinke ko fasasshen tulu da iska ta daɗe da kawarwa. Mun kuma san ɗacin a kira ka baƙo a ƙasar da ka binne iyayenka. Shi ya sa ba ma iya kallon mutanen da suka bar sunansu da ranar mutuwarsu a dutse, a ƙasar kakanninsu, a mayar da su baƙi.

Saboda haka, ranku ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

Ku ware allunan kabari a matsayin rukuni mai zaman kansa a ƙidayar da kuke yi. A ɗauki kundin 2003 da rajistar gidan tarihi, a bi lamba bayan lamba, a faɗa wa jama'a wanda ke nan, wanda ya fashe, da wanda ya ɓata. Waɗanda suka ɓata a miƙa hotonsu da awonsu ga Interpol su shiga rumbunta na kayan tarihin da aka sace, wanda kowa ke iya dubawa ta manhajar ID-Art a waya. Allon da an riga an buga hotonsa da rubutunsa yana da wuyar sayarwa a gidan gwanjo, muddin an sanar cewa na sata ne.

Ku fitar da takarda mai shafi ɗaya ko biyu, da hotuna masu kyau na allon dutse da na yumɓu da ɓallinsu, da bayani a taƙaice da Larabci, da lambar waya mai aiki. A raba ta a kan iyakoki da tashoshin mota da kasuwannin zinare. A faɗa ƙarara a cikinta cewa rubutun addu'ar mamaci ne, ba kwatancen dukiya ba ne, ba asiri ba ne. Wannan jimla ɗaya za ta hana fasa alluna fiye da barazanar ɗauri.

Ku nemi a buɗe ƙofar afuwa. Dokar kare kayan tarihi ta 1999 tana nan, ba mu ce a soke ta ba. Amma mutum irin dattijon da na ambata, ko wanda ya sayi abu a kasuwa cikin ruɗanin yaƙi, in ya san kawo shi zai jawo masa tuhuma, rijiya zai jefa shi. A ba da wa'adi, wanda ya kawo a karɓa, a rubuta inda ya samo shi, a yi masa godiya.

Masu gadin kufai a Dungula da Gazali da Soba da sauransu, a tabbatar haƙƙinsu na isa hannunsu, a kuma haɗa su da masu unguwanni da limamai. Liman ɗaya da zai ce a huɗuba kabari kabari ne, tona shi haramun ne ko na wane ne, ya fi allon gargaɗi goma.

Duk tawagar ƙasar waje da za ta dawo tono bayan yaƙi, a sa mata sharaɗin horar da 'yan ƙasa karatun Girkanci da Kibɗanci da tsohon Nubiyanci, horo na shekaru har mutum ya iya ɗaukar allo ya karanta da kansa. Gidajen tarihin Warso da Landan da Balin da Alƙahira da ke riƙe da allunan Nubiya kuma a nemi su ba da hotuna masu inganci kyauta, don makarantu da jami'o'inmu.

Sannan ku zauna da ma'aikatar ilimi a zaɓi alluna ko da goma ne, na sarki da na bishop da na mace da na yaro, a fassara su zuwa Larabci da harsunan Nubiya, a sa a littafin tarihi na sakandare da hotonsu, kusa da allunan Musulmi na zamaninsu.

Mu ma ba za mu naɗe hannu ba. Duk takardar da kuka fitar, mun ɗauki alkawarin mayar da ita Hausa ba tare da ko sisi ba, mu naɗe ta da murya don WhatsApp da gidajen rediyo, mu kai ta tashoshin mota na Gadarif da Sinnar da Damazin da Kasala ta hannun shugabannin direbobi da muka sani. Abin da muke jira daga gare ku shi ne hotunan, da lambar wayar, da sunan ofishin da mutum zai nufa in ya ga allo a buhu.

Wassalamu alaikum.

Naku cikin girmamawa,
Malamin tarihi, a madadin abokan aikinsa malamai masu jin Hausa a Sudan.